Yadda kwantenar dabinonmu ta bi ta hannun jami'an lafiya a tashar Apapa

Duk wanda ya saba shigo da dabino ta tudu, ranar da ya ce zai gwada ta ruwa sai ya koma ɗan koyo. Shekara da shekaru ina sarin dabinon da ke gangarowa daga Aljeriya ta Agadas, ya sauka Maigatari ko Mai'aduwa, mu ɗauko shi zuwa Kano. Can harka ce ta baki da amana: ka kwance buhu, ka damƙo, ka fasa biyu ko uku, ka ɗanɗana, a yi ciniki. Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a ƙarshen Yulin 2023 aka rufe iyaka, kaya suka yanke, ɗan abin da ke sulalowa kuma kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, lokacin an riga an shiga azumi. A wannan tsakanin ne ni da abokan harkata biyu muka haɗa jari muka yo odar digila, wato Deglet Nour, kai tsaye daga Tunisiya. Kayan sun iso Apapa a Janairun 2025, kuma tun daga lokacin 'yan kasuwa ke tare ni da tambaya iri ɗaya: wa ke duba lafiyar kaya a tasha, kuma nawa ake ba shi? Tambayar kanta a karkace take. Masu dubawar kashi uku ne, kowa da abin da ya dame shi, kuma yawancin abin da za su tambaye ka a Legas tun kafin jirgi ya baro can ƙasar ake tanadinsa.

Kashi na farko su ne jami'an lafiyar tasha, na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Su ne dai waɗanda ke duba katin rigakafin shawara a filin jirgin Malam Aminu Kano, sai dai a bakin teku jirgin da mutanen cikinsa suke dubawa. Na biyu hukumar NAQS ce, mai tsare ƙasa daga ƙwari da cututtukan tsirrai da dabbobi. Ita ba ruwanta da ko dabinonka yana da daɗi. Damuwarta kada ka shigo da ƙwaron da zai faɗa wa gonakin mutane. Na uku NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke tambayar ko abin nan ya dace ya shiga cikin ɗan Adam. Kwastam na tsakiya tana karɓar kuɗin fito, amma ba za ta saki kayan abinci ba sai waɗancan sun sa hannu.

Mu da NAFDAC muka fara, tun a farkon 2024, domin dabinon namu a ƙananan kwalaye yake masu suna da tambari, kuma duk abincin da aka ƙunshe haka sai yana da lambar rajista kafin ya shigo. Ta intanet ake cikewa, a shafinsu da ake kira NAPAMS. Sun nemi takardar rajistar kamfaninmu, da shaidar rajistar tambarin kasuwanci, da takardar wakilci wadda kamfanin Tunisiya ya ba mu ikon yi wa kayansa rajista a Najeriya, da shaidar cewa a can ƙasarsu ma ana sayar da wannan dabinon ga jama'a ba tare da hani ba, wadda sai da aka kai ta ofishin jakadancin Najeriya da ke Tunis aka buga mata hatimi. Sannan da sakamakon gwajin kayan. Bayan nan aka ba mu izinin shigo da samfur kaɗan, aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya fi cin kuɗi a wannan mataki shi ne kuɗin zuwa duba masana'antar a can inda take, ya ninka sauran kuɗaɗen rajistar nesa ba kusa ba, don haka wanda zai yi odar kwantena ɗaya tak ya daina, gara ya sayi kaya a hannun wanda ya riga ya yi rajista. Lambar shekara 5 take yi, sai mai niyyar daɗewa a harkar take yi wa riba.

Kwalin ma sai da aka sake buga shi. Na asali da Faransanci da Larabci aka rubuta shi, doka kuma ta ce dole a sami Turanci: sunan kaya, nauyi, suna da adireshin masana'anta, ranar da aka ƙunshe, ranar da zai daina aiki, lambar rukuni, yadda ake ajiya, da lambar NAFDAC ɗin kanta. Mun sha aika hoton kwali ta WhatsApp ana gyarawa ana dawowa da shi. Watanni aka kwashe kafin lamba ta fito, amma da yake azumin 2025 muka nufa, ba mu shiga matsi ba.

Izinin NAQS ya fi sauƙin samu, sai dai mutane na raina shi. A jikinsa ake rubuta sharuɗɗan da kaya za su cika kafin su taso, shi ya sa ake karɓarsa tun kafin lodi a aika wa mai kaya, shi kuma ya kai wa hukumar gona ta ƙasarsa ta duba dabinon ta ba da takardar shaidar lafiyar tsiro. Dabinon Tunisiya yana da wata tsutsar malam-buɗe-littafi da ke shiga cikinsa tun yana kan bishiya, saboda haka kafin a ƙunshe ana turara shi da iskar magani a rufaffen ɗaki, wannan ma da takardarsa. Hatta katakon da ake jera kwalaye a kai sai an gasa shi ko an turara shi, an ƙona masa wani tambari a gefe. Da waɗannan a hannu muka buɗe Fom M, takardar da ake cikewa kafin a shigo da kaya, a banki, muka yi inshora da kamfanin gida, mai kaya ya yi lodi a tashar Rades cikin kwantena mai sanyi ƙafa 40, takardun jirgi suka iso, kwastam ta fitar da PAAR, wato ƙiyasin abin da za mu biya. A lokacin dalar da kwastam ke lissafi da ita ta haura naira 1,500, kuma ban da ainihin kuɗin fito akwai ƙananan haraji da ke bin bayansa a wancan lokacin, kashi 1 na kuɗin kaya, kashi 7 na kuɗin fiton, da rabin kashi na ECOWAS. Wannan lissafin ejan ɗinmu mai fitar mana da kaya daga tasha ne ya yi shi, ni na bi shi da biro.

Ejan ɗin namu ɗan Agege ne, Bahaushe haifaffen Legas, wanda Yarbanci da burokan suka zauna a bakinsa kamar Hausa. Da ya kira ya ce jirgi ya iso, a daren na hau mota. Na sauka wurin 'yan'uwa a Idi-Araba, da asuba na nufi Apapa ina ganin a ranar zan ga kayana. Na same shi a wani ɗan ofis a titin Creek yana shan shayi hankali kwance. Ya ce, "Alhaji, zauna ka huta. Jirgin yana can kan teku ya jefa anga, bai samu gurbi ba tukuna. Ko ya samu ma, ba mai taɓa kwantena sai likitocin tasha sun sallame shi." Na ce to me ya haɗa dabinona da lafiyar matuƙan jirgi? Ya yi dariya ya ce babu, amma jirgi ɗaya suka hau.

Shi ne ya warware mini yadda abin yake, daga baya kuma wani ma'aikacin wakilin jirgin ya ƙara mini bayani. Kafin jirgi ya shigo, kyaftin yana cike takardar bayanin lafiya: tashoshin da ya biyo, ko wani ya yi zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje a hanya, ko an yi mutuwa, ko an ga ɓeraye suna mutuwa haka kawai. Jirgin yana ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar yana cewa lafiyarsa ƙalau, yana neman izinin cuɗanya da tudu. Jami'an lafiya su ne farkon hawa, kafin kwastam da 'yan shige da fice. Suna duba katin shawara na ma'aikata, su leƙa kicin da ɗakin ajiyar abinci da firij, da ruwan sha, da inda ake tara shara, da ɗakin magani, suna neman kashin ɓera da kyankyaso. Akwai kuma takardar tsaftar jirgi wadda dokar lafiya ta duniya ta 2005 ta tanada, ta maye gurbin tsohuwar takardar kashe ɓeraye, wata 6 take yi. In ta ƙare, sai an sake binciken jirgin an ba shi sabuwa. In kuwa akwai mara lafiyar da ake zargi da cuta mai yaɗuwa, jirgi na iya komawa kan anga ya zauna, da kayan kowa a cikinsa. A nan mai kaya ba shi da abin biya, ba shi da takardar cikewa, ba shi da wanda zai roƙa. Tsakanin jirgi ne da hukuma. Namu ba a same shi da komai ba, jiran gurbi ne kawai ya riƙe shi 'yan kwanaki.

Ranar da na samu takardar shiga tasha na ga abin da ido, ko da yake daga nesa ne, don ba a barin mutum ya matsa bakin ruwa. Igiyoyin da aka ɗaure jirgi da su kowace kaurinta ya kai cinyar mutum, kuma a tsakiyar kowace an saƙala wani zagayayyen ƙarfe kamar faifai. Ɓeran da ya biyo igiya daga jirgi zuwa tudu, ko daga tudu zuwa jirgi, in ya zo nan sai ya rasa hanya. Na daɗe ina kallonsa. Jirgi mai ɗauke da dubban kwantenoni, ga injunan ɗaga kaya masu tsayin bene, amma tsoron ɓera bai bar shi ba, kuma da gaskiyarsu, don ta jikin ɓerayen jirgi annoba ta riƙa zagaya tashoshin duniya a da.

Da aka sauke kwantena agogo ya fara bugawa, kuma ba ɗaya ba ne. Kamfanin da ke riƙe da filin tasha yana ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan ya fara cajin kuɗin ajiya, kuma kuɗin hawa yake yi mataki-mataki, na mako na biyu ya fi na farko. Kamfanin jirgi ma yana da nasa dimarej na riƙe masa kwantena, ban da kuɗin da ka ba shi jingina sai ka dawo da ita. Mu kuma da muka ɗauko mai sanyi, ga kuɗin wutar da aka jona mata kullum. Saboda haka tun jirgi na kan anga ejan ya ɗora takardunmu a shafin sashen binciken tashoshi na NAFDAC: Fom M, PAAR, takardar lodin jirgi, rasitin saye, jerin abin da ke cikin kwantena, shaidar rajista, sakamakon gwajin masana'anta, takardar lafiyar tsiro, da adireshin siton da za a kai kaya. Akwai wata wasiƙa da na sa wa hannu wadda ya kamata kowa ya karanta da kyau kafin ya sa nasa. Alkawari ne cewa ba zan sayar da ko kwali ɗaya ba sai sakamakon gwaji ya fito, in kuma aka samu kayan ba su da kyau, na yarda a ƙwace a lalata. Suka fitar da lissafin kuɗin dubawa da na gwaji, muka biya ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, aka ba mu sa hannun farko, wanda 'yan tasha ke kira hatimin farko. Shi ba sallama ba ne, izini ne a buɗe kwantena a duba.

Ranar dubawa tun da sassafe muka shiga. An jera kwantenonin da za a buɗe a wani fili, kowace da masu ita tsaye a gindinta, rana na dukan ƙarfe. Jami'ai tare suke zagayawa, kwastam a gaba, sai mun jira sun gama da na gabanmu. Sai wajen azahar suka iso kanmu. Jami'in kwastam ya karanta lambar kwantena da ta hatimin ƙarfen da ke jikin ƙofa, ya gwada da ta takarda, aka kawo almakashin ƙarfe aka datse. Da ƙofa ta buɗe wani sanyi ya bugo mu, da ƙamshin dabino, nan take kwalayen gaba suka fara gumi saboda laimar Legas. Jami'ar NAFDAC, wata mata mai farin gilashi, ta fara zagayawa bayan kwantenar ta karanta ma'aunin sanyi, sannan ta sa aka ciro ɗan na'urar da mai kaya ya liƙa a ciki, mai rubuta sanyin da aka yi tun daga Rades. Da an kashe wa kwantenar wuta a hanya, a nan za a gani.

Lebura suka sauke layin gaba suka buɗe hanya har tsakiya, don ba a yarda a ɗebi samfur daga bakin ƙofa kaɗai ba. Jami'in NAQS, wanda ya yi aiki a Arewa yana jin Hausa, ya durƙusa ya haska tocila a gefen katako yana neman tambarin nan da aka ƙona. Ya same shi. Sannan ya shimfiɗa farar takarda a kan kwali, ya zazzage dabino a kai, ya ɗauko 'yar wuƙa. Ɗaya bayan ɗaya yake tsagawa a tsaye, ya cire ƙwallo, ya buɗe cikin ya kalla ta gilashin ƙara girma. Ya ce, "Alhaji, matso ka gani. Ba tsutsar kaɗai nake nema ba. In ta taɓa zama a ciki za ka ga ɗan baƙin gari da zare-zare a jikin ƙwallon." Na ce ranka ya daɗe, wannan aikin ai tun ina yaro nake yin sa a bakin buhu. Ya ce to bambancin, ni in na ga mai rai ɗaya tak, sai an sake turara kayan nan duka a kan kuɗinka. A cikin duk wanda ya tsaga, ɗaya ne ya samu da matacciyar tsutsa, ta bushe ta yi baƙi. Ya ɗaga ta a bakin wuƙa ya nuna wa abokin aikinsa, ya ce turaren ya yi aiki. Ya rubuta, ya wuce. Sai a lokacin na lura rigata ta jiƙe sharkaf.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Matar nan ta sa aka ɗauko kwalaye daga gaba, da tsakiya, da can ƙurya, tana karanta gefen kowanne tana duba takardar gwajin da ke hannunta. Na farko ya yi daidai, na biyu ya yi daidai. Da aka miƙo na ƙurya sai ta tsaya, ta sake dubawa, ta kira ejan. Takardar gwajin da masana'anta ta aiko lambar rukuni biyu ke jikinta, kwalayen ƙuryar kuma wata lamba ta uku ce a jikinsu. Dabino iri ɗaya, kwali iri ɗaya, kwana biyu ne kawai tsakanin ranar ƙunshe su. Na fara bayani, ejan ya taɓa ni ya ce in bari. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a wurinta wannan rukunin na uku kaya ne da ba wanda ya gwada, kuma in gobe wani ya ci ya kwanta a Kano, da wannan lambar za a bi sawu a janye kayan daga kasuwa. Ta ɗebi samfur daga rukunin uku duka, aka ƙulle a leda aka manna takarda, ni da ita muka sa hannu a kai, aka ba ni rasitin abin da aka ɗiba. Ta ce hatimi na biyu, wato na sallama, sai takardar rukuni na uku ta zo. Aka rufe ƙofa, aka sa sabon hatimi, aka mayar da kwantena kan wuta.

A daren na kira mutumin Tunisiya. Da ɗan Larabcina na makarantar allo da na Umara muka fahimci juna. Ashe da suna lodi kaya suka gaza cika kwantena, sai suka cike da abin da aka ƙunshe daga baya, mai rubuta takarda kuma bai sani ba. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce zai aiko. Amma ba a gwada rukunin ba ma tukuna, sai da ya kai ajiyayyen samfurinsa ɗakin gwaji a can, ga Asabar da Lahadi sun shiga tsakani, sannan a aiko ainihin takardar ta kamfanin aika saƙo. Fiye da mako guda muka yi a haka. Kullum da safe ejan zai turo mini sabon lissafin ajiya da wuta da dimarej, kullum da dare abokan harkata za su kira daga Kano, ɗaya yana cewa a yi haƙuri, ɗaya yana cewa wai ba wanda za a gani ne? Masu gani kuwa ba su yi wuyar samu ba. Wani mutum da ba ma'aikacin kowa ba ne, irin masu yini a bakin ƙofar tasha, ya same ni a masallaci ya ce in ba shi wani abu zai sa a buga mini takardar gwajin a nan Legas, da hatimi da komai, kafin la'asar. Ejan ya ce, "Alhaji, yau matsalarka ta jinkiri ce. In ka karɓi wannan ta koma ta jabu, lambar rajistarka ma sai ta tafi." Muka sallame shi.

Da takardar ta iso abin bai ɗauki lokaci ba. Aka ɗora, aka duba, hatimi na biyu ya fito, NAQS ta riga ta ba da tata sallamar, kwastam ta saki kaya. Muka biya kamfanin jirgi da na fili, aka ba mu takardar fitarwa. Tirela ma ba ta shiga tasha haka kawai, tun 2021 sai ta samu kira ta manhajar Eto. Mun ɗauki mai janareta a jiki don kada sanyi ya yanke, na sa yarona ya bi ta, ni na yi gaba. Da ta wuce Jebba aka shiga hunturu sosai hankalina ya kwanta, don busasshiyar iskar Arewa ba ta cutar da dabino kamar laimar bakin teku.

A nan ne da yawa ke ruɗewa: kaya sun fito daga tasha, suna cikin sitonka, makulli na aljihunka, amma ba naka ba ne na sayarwa tukuna. Mun sauke su a wani ɗakin sanyi da muka kama haya a Sharaɗa, adireshin da muka rubuta tun farko, kuma ba a canja shi ba tare da sanar da hukuma ba, don suna iya zuwa su ƙirga. Labari ya riga ya kai kasuwar Singa, dillalai suna ta kira, har da mai cewa zai ajiye kuɗin kwali ɗari biyar a ba shi ko da dare ne. Ga Sha'aban ya kama. Samfurin kuwa yana ɗakin gwaje-gwajen Oshodi, inda ake auna laimar da ke cikin dabino, da fumfuna, da gubar da fumfuna ke haifarwa wadda ake kira afulatoksin, da ƙwayoyin cuta, da ragowar maganin ƙwari. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne, kuma mu 'yan Dawanau da Singa mun fi kowa sani: a 2015 Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya shiga ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwarin da ake zuba masa a sito. Abin da ake yi wa namu a tasharsu, shi ake yi wa nasu a tamu, kuma ni ban ga laifin hakan ba, tunda 'ya'yana ma da wannan dabinon za su buɗe baki. Sakamako ya fito lafiya ana saura kamar mako biyu azumi, wanda aka fara ranar 1 ga Maris. Kafin goman farko ta ƙare ba kwali ko ɗaya a ɗakin.

Da muka zauna lissafi, abin da ya fito ya ba abokan nawa mamaki. Duk kuɗin da muka biya hukumomin lafiya a tasha, na dubawa da na gwaji da na izini, bai kai rabin abin da jinkirin takarda ɗaya ya ci ba. Riba ta samu, amma wannan makon ya yanke mata kaso mai tsoka, kuma mai kaya bai yarda ya ɗauki ko rabi ba sai ragi da ya yi alkawari a oda ta gaba, don ba mu da wata yarjejeniya a rubuce kan irin wannan. Yanzu akwai. Kafin a rufe kwantena sai an turo mini bidiyon lodi da hoton gefen kwali na kowane rukuni, in zauna da takardar gwaji da jerin kaya in gwada lamba da lamba, nauyi da nauyi, sannan in ce a sa hatimi. Ragowar kuɗinsa kuma ba ya fita sai hatimi na biyu ya fito. Ina kuma roƙon kamfanin jirgi ƙarin kwanakin kyauta tun wajen cinikin kuɗin dako, lokacin da suke neman ka, don in kaya sun sauka ba mai sauraronka. Ejan kuwa a nemi wanda ya saba da kayan abinci. Wanda ya ƙware a motoci da taya bai san hatimin farko da na biyu ba, a kanka zai koya. Kuma duk abin da aka ce ka biya hukuma, in ba rasit, ba hukuma ka biya ba.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi shafar masu dabino. A Tunisiya ana yankan digila ne daga Oktoba zuwa Disamba, azumi kuwa kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11. Daga lodi zuwa fitowar sakamakon gwaji mu mun ci fiye da wata biyu, har da sauyin jirgi da aka yi wa kwantenar a wata tashar Bahar Rum. A 2028 azumi zai kama ne a ƙarshen Janairu, a 2030 a farkonsa. Wanda ke son sabon yanka sai ya yi lodi da nunan fari, takardunsa duka a shirye. Nan da 'yan shekaru ko hakan ba zai isa ba, sai dai a sayi na bara da aka ajiye a ɗakin sanyi, kuma shi ranar ƙarewarsa ta fi kusa, abin da jami'ar nan ta fara karantawa ke nan a jikin kowane kwali kafin ma ta kai ga lambar rukuni.